Ranar da Muka Ƙi Hawa Motar Rihla

A Riyad aka haife ni, a unguwar Ulaisha, cikin wani tsohon bene da mai shi ya yayyanka ya zuba 'yan haya. Babana direba ne, yana jan motar wani kamfanin kayan sanyi daga sitonsu na Sulay zuwa shaguna. Ummata tana gida, tana yin dambun nama da yaji tana sayar wa matan da kewar gida ta dama. Larabci ya riga Hausa zama a bakina, har sai da Baba ya kafa doka cewa duk wanda zai shigo gidanmu ya ajiye Larabcinsa a bakin ƙofa tare da takalminsa.

Makarantar da na yi ta 'ya'yan baƙi ce, mai zaman kanta, da Turanci ake koyarwa. Gidajen zama ne guda biyu aka mayar makaranta, katanga ɗaya a tsakaninsu, maza a ɗaya, mu a ɗaya. Mu 'yan babbar sakandare a can saman bene aka ajiye mu. Ajinmu a da ɗakin kwanan wani ne, kabad ɗin bango ma yana nan, a ciki muke rataye abayoyinmu. Akwai 'yan Sudan, da 'yan Chadi, da 'yan Pakistan, da 'yan Nijar, da mu 'yan Najeriya. Iyayenmu direbobi ne da teloli da masu gadi da ma'aikatan asibiti.

Idan akwai abin da muke yabon makarantar nan da shi, to rihla ce, wato fita yawon shan iska. Ba a taɓa sanar da mu kafin ranar ba. Muna tsakiyar darasi sai mudira, shugabar ɓangaren mata, ta leƙo tana tafa hannu tana kiranmu da Larabci, wai 'yan mata mu taso: "Yalla ya banat, rihla!" Sai mu zari abayoyi, a bi da mu ta ƙofar baya, mu cika bas. Wani lokaci a kai mu lambu, wani lokaci a yi ta zagaya gari da mu kawai, a saya mana askirim, a dawo da mu bayan azahar. Mu manya kaɗai ake fita da mu. Ƙananan suna leƙenmu ta taga kamar su yi kuka, mu kuwa muna yi musu gwalo.

Malamar da take raka mu kullum ita ce malamarmu ta Turanci, 'yar ƙasar Filifin. Mis muke ce mata. 'Yar ƙaramar mace ce, abayarta kullum tana jan ƙasa, muryarta kuma ba ta tashi ko da mun cika aji da surutu. Sai dai ta yi shiru ta zuba mana ido har kunya ta kama mu.

Ina shekara goma sha shida, a ajin kusa da na ƙarshe, aka shiga sabon zango littafin adabin da za mu karanta bai iso ba. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Ranar nan Mis ta shigo ta zauna a gefen tebur ta ce tunda babu littafi, za ta ba mu labarin wani daga ka, wanda duk ɗan makaranta a ƙasarsu sai ya karanta kafin ya gama sakandare.

Ni a lokacin abin da na sani game da mutanen Filifin bai wuce nas-nas na asibiti da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki ba. Ban san an taɓa yi musu mulkin mallaka ba, balle in san Sifaniyawa sun zauna a kansu ɗaruruwan shekaru. Ta ce a zamanin da labarin ya faru, makarantu suna hannun limaman coci na Turawa. Shari'a da mulki da ilmin zamani duk da harshen masu mulki ake yinsu, amma ba a so 'yan ƙasa su iya harshen sosai. Sai wasu ɗalibai a babban birni suka haɗa kai, suka nemi a ba su izinin buɗe makarantar da za a koya wa 'yan ƙasa harshen yadda ya kamata.

Na ɗaga hannu na ce, "Mis, ban gane ba. Mu a Najeriya Baba ya ce kama yara ake yi a kai su boko da ƙarfi. Su kuma roƙo suke a koya musu ana hana su?"

Ta ce, "Wanda bai ji abin da alƙali yake faɗa ba, ta yaya zai yi gardama da hukunci?"

Ta ci gaba da ba mu labarin kwana da kwanaki, kaɗan-kaɗan, tana tsayawa daidai inda muka fi so ta ci gaba. Ta faɗa mana akwai ɗakin kimiyya a jami'ar ɗaliban, cike da kayan aiki a cikin gilashi, ana nuna wa manyan baƙi amma ɗalibi bai isa ya taɓa ba. Ta faɗa mana yadda suka yi ta bin ƙofofin manya, aka yi ta yi musu alkawari. Da amsa ta fito, sai aka ce an yarda a buɗe makarantar, amma an damƙa ta a hannun mutanen da tun farko suka ƙi ta. Bayan nan aka laƙa wa ɗaliban laifin tayar da fitina, aka kwashe su zuwa kurkuku. Masu gata iyayensu suka fitar da su, marar kowa aka manta da shi a ciki. Da wata ta tambayi abin da ya sami wanda ya rubuta littafin, Mis ta ce harbe shi aka yi a bainar jama'a. Wata 'yar Pakistan ta toshe bakinta da gefen mayafi. Ni kuwa ranar ko abincin tara ban iya ci ba.

Aminiyata a ajin 'yar mutanen Damagaram ce. A unguwar Manfuha suke zaune, babanta yana aiki a wani garejin manyan motoci. Ita ce ta ɗaya a ajinmu tun muna ƙanana, kuma tun ina jin maganarta likita take cewa za ta zama. Muna zaune a matakala lokacin tara ta ce da ni, "Su ai gara su. Ko ba komai suna ganin kayan a cikin gilashi. Mu me muke gani?"

Gaskiya ta faɗa. Tunda muka shiga babbar sakandare ba mu taɓa samun malamar kemistiri ko fiziks ba. A jadawali suna nan, amma idan lokacin ya yi sai a kawo mana hoton allon ajin maza, wanda wani ya ɗauka da waya, a ce mu kwafa. Wani lokaci kan malamin ya tare rabin lissafin. Haka muke kwafar rabi mu bar rabi. Mun saba da abin har mun daina ganinsa, sai da aminiyata ta faɗe shi da baki.

Daga ranar muka fara taruwa a ɗan ɗakin da muke sallah, bayan azahar, mu da 'yan ajin ƙarshe. Da farko surutu ne kawai da dariya, kowa tana kwaikwayon tafin mudira. Aminiyata ce ta mayar da shi magana. Ta ce abu biyu za mu nema, kada mu ƙara ko ɗaya don kada a ce mun cika fitina: malamar kimiyya tamu ta kanmu, da izinin shiga ɗakin gwaji na ɓangaren maza ko da sau ɗaya a mako, bayan sun tashi. Aka yi gardama a kan wa zai yi magana. Aka tsayar da ita, da wata 'yar Sudan mai Larabci kamar na masu karanta labarai, da ni, wai don ina da fuskar marasa laifi.

Muka je muka gaya wa Mis muna murna, muna zaton za ta rungume mu. Sai na ga fuskarta ta canja. Ta tashi ta tura ƙofa ta ce, "Labari ne fa na ba ku. Labari kawai."

Aminiyata ta ce, "Mis, laifi ne mu roƙi malama?"

Ta ce, "Ba laifi ba ne. Amma ku yi magana a hankali, kuma kada ku ambaci sunana."

Mudira ta karɓe mu hannu biyu. Ta sa aka kawo mana lemo mai sanyi, ta ce mu 'ya'yanta ne, ta ce rabon da ta ji alfahari irin na yau ta manta. Ta ce mai makaranta ya riga ya nemo malama, biza kawai ake jira. Muka fito muna tsalle. Wata ya wuce muka koma, ta ce bizar ta kusa. Da muka koma karo na uku babu lemo, ko kujera ba a nuna mana ba. Ta ce yarinyar kirki ba ta yawan zuwa ofis, kuma ta san iyayenmu ɗaya bayan ɗaya, ta san wahalar da suke sha a ƙasar mutane.

'Yar Sudan ɗin nan ce ta kai maganar gida. Mahaifiyarta nas ce, mace mai tsayawa a kan magana. Ranar hutunta ta shirya ta tafi ofishin da ke kula da makarantun baƙi, ba don ta kai ƙara ba, don ta tambaya kawai: shin doka ta wajabta wa makaranta ta ba 'yan mata malamar kimiyya ko kuwa alfarma ce?

Ranar Lahadi da safe, wadda ita ce farkon makon makaranta a can, 'yar ta shigo aji idanunta sun kumbura. Ta jawo mu bayan ƙofa ta ce, "Mama ta je. Sun duba. Sun ce makarantarmu ba ta da babbar sakandaren mata."

Na yi dariya. Na ce, "To mu a ina muke zaune?"

Ta ce, "Wallahi haka suka ce. Izinin ɓangaren mata a ƙaramar sakandare ya tsaya. Daga nan zuwa sama babu aji, babu ɗaliba ko ɗaya."

Na dubi ɗakin. Ga allo, ga kujerunmu da muka zana sunayenmu a jiki, ga jadawali manne a bango. Na ce kuskure ne, wataƙila sunan wata makarantar suka duba. Yawancinmu haka muka ce. Ai 'yan ajin da suka gabace mu sun gama, sun karɓi takardun shaida, mun ci kek a bikinsu. Aminiyata kaɗai ba ta yarda kuskure ba ne. Ta koma kujerarta ta zauna tana kallon taga.

Ba a yi mako biyu ba, muna cikin darasin Mis da hantsi, sai ga mudira. Ta tafa hannu kamar kullum, amma goshinta duk gumi. "Yalla ya banat, rihla! Da sauri, da sauri!"

'Yan aji suka yi ihun murna suka yi kan kabad. Ni ma har na ciro abayata. Sai na ji an riƙe mini hannu. Aminiyata ce, tana zaune ba ta motsa ba. Da Hausa ta yi mini magana don kada mudira ta ji.

"Ke, tsaya. Yaushe aka taɓa gaya mana za a yi rihla tun jiya?"

Na ce, "Ba a taɓa ba."

"Me ya sa kullum ta ƙofar baya? Me ya sa mu kaɗai, ban da ƙanana?"

Na saki abayar. Na tuna ranar da aka yi ta zagaye da mu a kan babban titi babu inda aka tsaya, direba yana ta duba wayarsa, sai da aka kira shi sannan ya juya. Na tuna ranar da aka fita da mu ana tsakiyar jarrabawa. Duk askirim ɗin nan da muka sha muna waƙa a bas, ashe ɓoye mu ake yi kamar kayan sata, masu duba makarantu suna ciki suna zagayawa.

Aminiyata ta miƙe ta faɗa da Larabci, da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Ba rihla ba ce. Masu dubawa ne za su zo. Ni ba inda za ni."

Ajin ya kaure. Mudira ta yi kanta tana cewa ta yi wa kanta faɗa, ta tuna iƙamar ubanta, wato takardar zamansa a ƙasar. Wannan kalma ita ta kwashe rabin ajin. A gidajenmu babu kalmar da ta fi ta nauyi. 'Yan mata suka fara sulalewa suna kuka, wasu suna jan ƙawayensu. Ban ga laifin kowa ba, har yau ban gani ba. Muka rage mu kaɗan: ni, da aminiyata, da 'yar Sudan, da wasu biyu daga ajin ƙarshe da suka jiyo hayaniya suka shigo suka zauna. Mudira ta ga lokaci yana ƙure mata, ta ruga ƙasa don ta tura sauran cikin mota.

Mis tana tsaye a bakin ƙofa, jakarta a kafaɗa. Aminiyata ta dube ta ta ce, "Mis, kin sani?"

Ta sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun shekarar da na zo. Ni ma ba malama aka rubuta a iƙamata ba. Shi ya sa kullum nake raka ku."

Na ce, "To ki zauna da mu, Mis. Ki gaya musu."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ina da yara biyu a makaranta a gida. Ni kaɗai gare su." Sai ta juya ta sauka. Muna jin ƙarar takalminta a matakala, muka ji ƙofar baya ta rufe, muka ji bas ta tashi. Wannan ya fi maganar izinin dukana. Matar da ta sa muka yi kuka saboda ɗaliban da aka manta da su a kurkuku, ga ta can ta hau mota ta bar mu.

Kafin masu dubawar su hawo, wani ya zo ya kulle ƙofar matakalar daga ƙasa, ya kashe mana na'urar sanyi. Ashe haka ake yi kullum, a ce saman sito ne. Zafi ya fara dafa mu. Muna jin muryoyi a ƙasa, ana buɗe azuzuwan ƙanana, yara suna gaisuwa baki ɗaya. Ɗaya daga cikin 'yan ajin ƙarshe ta ce mu yi shiru kawai har su tafi, ai mun nuna fushinmu. Aminiyata ta miƙe. Ta ɗaga kujerarta ta saki a ƙasa. Ta sake ɗagawa ta saki.

Muryoyin ƙasa suka ɗauke. Can muka ji ana gardama, sannan ƙarar makulli.

Mata biyu ne suka shigo, mudira tana bayansu fuskarta kamar an zuƙe mata jini. Babbar cikinsu ta tsaya tana kallon allo, da darasin Mis a rubuce rabi, da jakunkunan da aka bari a ƙarƙashin kujeru. Ba ta yi mana tsawa ba. Ta tambayi aminiyata a hankali, "'Yata, wane aji ne wannan?"

Ta gaya mata.

"Shekara nawa kuna hawowa nan?"

Ta gaya mata. Matar ta rufe ido ta yi salati. Ta sa aka kunna na'ura, aka kawo mana ruwa, ta zauna a kujerar ɗaliba ta yi ta yi mana tambayoyi. A bakinta muka ji sauran. Takardun shaidar da 'yan gabanmu suka karɓa, da sunan wata makaranta daban ake buga su, wadda ba su taɓa taka ƙofarta ba. Ta ce irin wannan takarda tana iya wucewa shekaru babu wanda ya lura, ranar da aka bincika kuma ta zama takardar tsire. Ta ce ba mu yi laifin komai ba, kuma babu abin da zai taɓa iyayenmu.

Na koma gida, a ƙasan raina akwai wani abu kamar alfahari. Na ƙagu Baba ya dawo in ba shi labarin irin cutar da ake yi masa shekara da shekaru. Ya shigo bayan la'asar, ya yi wanka, Umma ta ajiye masa abinci. Na durƙusa a gefen tabarma na kwashe komai na faɗa masa, Hausa tana ƙwace mini ina tarowa da Larabci, bai ko tuna da dokarsa ba. Ina jira ya zabura, ya ce a miƙo masa waya. Sai ya cire hannu daga kwano ya zauna yana kallonsa.

Ya ce, "Na sani, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ce, "Na'am, Baba?"

"Na sani. Yawancinmu mun sani. Mai makarantar da bakinsa ya gaya mana, lokacin da za ku shiga babbar sakandare. Ya ce takarda za ta fito, kuma tana fitowa."

Na juya wajen Umma. Ta kawar da kai tana gyara murfin kwano.

Na ce, "Baba, kun san babu ajin, kuka bar ni ina zuwa kullum? Ina kwana karatu?"

Ya ce, "Makarantun da suke da cikakken izini, albashina ko ƙofarsu ba zai kai ki ba. Abin da ya rage shi ne in sa ki a jirgi ke kaɗai, kina 'yar shekara goma sha huɗu, in aika ki wurin mutanen da ba ki taɓa gani ba sai a waya. Na duba, na duba, na kasa. Na ce Allah Ya rufa asiri har ki gama." Ya ƙara da cewa, "Da kin tambaye ni kafin ki zauna a ajin nan."

Na ce, "Da ka ce in hau motar?"

Ya tashi ya wanke hannu ya fita masallaci tun ba a kira magariba ba.

Cikin mako guda aka rufe saman benen. An kira taron iyaye, Umma ta je, ta dawo ta ce ba mai makaranta aka fi zagi a wurin ba, mu aka fi zagi. Wani uba ya miƙe ya ce saura 'yan watanni 'yarsa ta karɓi takarda, wasu marasa kunya sun jawo mata asara. Matan da suke sayen dambu a wurin Umma wasu suka ɗauke ƙafa. A rukunin wayarmu na aji aka cire ni, aka cire aminiyata. Waɗanda muka yi shekara goma muna raba burodi da su, idan muka haɗu a baƙala, wato shagon unguwa, sai su juya baya suna karanta jikin gwangwani.

Hawa motar bai ceci Mis ba. Da bincike ya yi zurfi aka ga sunanta a jikin jadawali da littattafan da ta yi wa maki, aka ba ta takardar barin ƙasar ta dindindin. Ana jibi za ta tafi ta zo gidanmu da yamma, ban san wanda ya kwatanta mata ba. Na ƙi fitowa, sai da Umma ta shigo ta ce ba a yi wa baƙo haka a gidanta. Na fito na zauna nesa da ita.

Ta ce ba ta zo neman in yafe mata ba. Ta ce, "Ina so ki san littattafan da gaske ba su zo ba. Ban ba ku labarin nan da wata manufa ba. Ko kuma ban sani ba, wataƙila na gaji da yin shiru ne." Ta murza yatsunta ta ce, "A ƙasarmu kowa yana karanta shi, ya rubuta jarrabawa, ya manta. Ni ma haka na yi. Ban taɓa ganin waɗanda suka ɗauke shi da gaske ba sai ku."

Na ce, "Mu ma da mun san ƙarshenmu, ban san ko za mu ɗauka ba."

Ta gyaɗa kai. Umma ta ƙulle mata dambu a leda ta ce ta ci a jirgi. Ba su da harshe ɗaya da suke ji sosai, amma suka rungume juna a bakin ƙofa suka daɗe. Ban sake jin labarinta ba.

Abin da Baba ya guje wa shi ya faru. Bayan sallar layya ya kai ni filin jirgi, ya damƙa ni a hannun wata mata da za ta Kano, aka kai ni gidan ƙanwarsa. Shugaban makarantar da aka kai ni ya juya takarduna gaba da baya, ya ce abin da zai iya karɓa ya tsaya a ƙaramar sakandare, sai dai in faro babbar daga tushe. Na zauna da yaran da na girme wa da shekara biyu, suna kirana Balarabiya, suna dariyar yadda nake cewa "yani" a tsakiyar kowace magana. Na gama, na shiga jami'a, yanzu ina koyarwa.

Aminiyata ba ta sami wannan sauƙin ba. Da aka mayar da ita Damagaram, ta tarar lakwal, wato bokon can, da Faransanci ake yi, ita kuwa ko gaisuwa ba ta iya da shi ba. Yarinyar da take ta ɗaya tun tana ƙarama aka ce sai ta koma ajin 'yan shekara goma sha ɗaya. Ta yi zango biyu ta bari. Ta zauna a shagon ɗinkin yayarta, yau ita take da shagon, da kekuna da 'yan koyo. Muna waya lokaci-lokaci. Sau ɗaya na tambaye ta ko tana da-na-sanin sakin kujerar nan. Na jiyo ƙarar keken ɗinki a bayanta. Sannan ta ce wasu ranaku tana yi, wasu ranaku ba ta yi, ya danganta da yadda ta tashi. Ta ce in bari za ta kira ni, ga mai kaya ta zo karɓa.